Gidan renon da nake kai ɗana a Sakkwato: abin da na gani cikin wata 19

Ranar da 'yar ƙanwar maigidana ta koma makaranta, na rasa wanda zan bar wa yaro. Mahaifiyata tana Gwadabawa, surukata tana Tambuwal kuma ciwon ƙafa ya hana ta doguwar tafiya, mu kuwa mu uku ne rak a gidan haya a Arkilla, inda maƙwabta ba su cika haɗuwa ba sai ranar suna ko ta'aziyya. Ni malamar sakandare ce, ƙarfe bakwai da rabi ake son a gan ni a bakin aiki. Saboda haka a watan Satumba, yaron yana da wata 7, na miƙa shi ga wani gidan reno da ke kan hanyata, kuma yau wata 19 ke nan yana zuwa can. Ba zan ambaci sunan gidan ba, domin a cikin abin da zan faɗa akwai yabo akwai ƙorafi, kuma irin waɗannan gidaje sun yawaita daga Mabera har Runjin Sambo. Sunan yaron ma ba zan faɗa ba, domin ɗan fari ne, kuma wannan kunya tana da hannu a cikin abin da ya sa na yi wannan rubutu.

Abin da aka nuna mini ranar farko shi ne abin da ake nuna wa kowa: bango mai fenti da hoton giwa da raƙumin dawa, katifu masu leda, na'urar sanyaya ɗaki da ke aiki da sola, da wani babban talabijin a maƙale a bango. Mai gidan Hajiya ce mai fara'a, tsohuwar malamar firamare, ta nanata mini har sau uku cewa a gidanta Turanci zalla ake yi wa yara. Ba zan ɓoye ba, sanyin ɗakin da wannan alkawari su ne suka sa na biya kuɗi ban ƙara duba wani wuri ba. Sanyin dai ya cancanci kuɗinsa, domin duk wanda ya san Afrilun Sakkwato, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya san ɗaki mai sanyi ga jariri ba ƙawa ba ce. Amma abin da ya fi amfanar ɗana a gidan nan ba ya cikin takardar talla, kuma ba a ma gabatar mini da shi ba.

Wata dattijuwa ce da kowa ke kira Inna. Ba ta yi boko ba, an ɗauke ta ne domin wanki da shara da canza wa jarirai famfas, kuma na tabbata albashinta ne mafi ƙanƙanta a gidan. Wata ranar Alhamis an tashe mu da wuri saboda jarrabawa, na isa tun kafin azahar, sai na tsaya a bakin taga ban yi sallama ba. Na tarar ta kwantar da shi a kan cinyarta tana goge masa jiki, fuskarta dab da tasa. Ya ce, “Ba-ba-ba.” Ta dakata da aikin hannunta, ta zaro ido kamar an ba ta labari mai nauyi, ta ce, “To, alhaji, mi kac ce?” Sai ta yi shiru tana kallonsa. Ya harba ƙafa ya sake wani gwarancin, ta ce, “Ashe! Ruwan ga sanyi garai ko? Bari in ɗumama ma.” Ya miƙa hannu wajen ƙoƙon, ta ɗauko ta kawo gabansa, ta ce, “Ƙoƙo. Ƙoƙo kaka so? Ga ƙoƙo.” Haka suka yi ta yi, shi ya faɗa ita ta karɓa, ita ta faɗa ta jira shi, har aka gama sa masa riga. Aikin da ni nake gamawa cikin minti biyu bakina a rufe, hankalina yana kan girki, ita ta mayar da shi hira ta minti goma.

Shirun nan da take yi bayan ta yi tambaya shi ya fi tsaya mini a rai. Yawancinmu idan mun yi wa jariri magana zuba muke yi kamar rediyo, ba ma barin gurbin da zai saka nasa. Masana renon yara sun daɗe suna cewa yawan kalmomin da ke wucewa ta kunnen yaro bai kai muhimmancin wannan karɓa-karɓar ba, wato ya yi sauti ko ya nuna abu, babba ya amsa masa a kan abin da ya nuna ɗin, a daidai lokacin da hankalinsa yake kai. A nan ne yake gane cewa sautin bakinsa yana motsa mutane, kuma a nan ne kalma take manne wa abin da take nufi. Lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da Bankin Duniya suka fitar da tsarinsu na renon ƙananan yara a 2018, sun jera wannan kulawa mai amsa wa yaro a sahu ɗaya da abinci mai gina jiki da lafiya da tsaro da damar koyo tun da wuri. Inna ba ta taɓa jin labarin wannan takarda ba, ta dai reni 'ya'ya da jikoki.

Daga bakin tagar nan na koma gida ina tuhumar kaina. An tashe mu a kan cewa uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ɗokinsa, kuma ni ban raina wannan tarbiyya ba. Sai dai al'adar ta ginu ne a babban gida, inda idan uwa ta kawar da kai akwai kaka da za ta ɗauke shi tana kiransa mijinta tana tsokanarsa, akwai gwaggo, akwai matan sauran sassa, akwai 'yan mata masu gaɗa a tsakar gida da yara masu rige-rigen goya shi. Yaro a irin wannan gida ba ya rasa abokin hira ko da uwarsa ba ta ce masa uffan ba. Mu da muka dawo gidan haya mai ɗaki biyu da falo, mun taho da kunyar mun baro kakar a ƙauye. Idan na yi shiru, mahaifinsa kuma yana kasuwa har magariba, to gidan gaba ɗaya ya yi shiru, sai ƙarar fanka. Tun daga ranar na fara yi masa magana a lokacin wanka da lokacin ba shi kunu, da farko ina jin nauyin bakina kamar wani yana leƙena, daga baya abin ya zama jiki. A gaban surukata dai har gobe ina kama kaina, kuma ita ma ba ta bar mini gurbin magana ba idan ta same shi.

Ƙorafina na farko talabijin ne. Da safe a kashe yake, domin lokacin ne iyaye ke shige da fice. Amma daga ƙarfe ɗaya zuwa uku, sa'ad da ɗaya daga cikin masu reno biyu take tafiya cin abinci da salla, sai a jera jarirai tara a kan katifa a kunna musu katun na waƙoƙin Turanci, mace ɗaya ta ji da mai kuka. Na gano haka ne da na lura ɗana, yana ɗan wata 10, ya fara kafe ido a kan wayata ko da a kashe take. Da na yi wa Hajiya magana, ta ce, “Malama, ai koyo suke yi, daga nan suke ɗaukar Turanci.” Na san ba da mugun nufi ta faɗa ba, kuma iyaye da yawa haka suka ɗauka, amma an gwada wannan zato an ga ba haka ba ne. A 2003 Patricia Kuhl da abokan aikinta a Jami'ar Washinton ta Amurka sun kawo jarirai 'yan wata 9 waɗanda Turanci kaɗai suke ji a gida, aka zaunar da wasunsu sau 12 tare da mutane masu yi musu wasa da karatu da Sinanci, wasu kuma aka nuna musu mutanen a bidiyo, wasu aka sa musu muryar kawai. Waɗanda suka zauna da mutum ido da ido sun koyi bambance sautukan Sinanci, na bidiyo da na murya kuwa kamar ba a taɓa sa musu komai ba. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ma a fili take: yaron da bai cika shekara 2 ba kada a zaunar da shi gaban allon kallo, mai shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini, in an rage ya fi. Hajiya ta saurare ni, ta rage lokacin, amma ba ta cire talabijin ɗin ba, kuma na fahimci dalilinta: ba darasi yake bayarwa ba, gurbin ma'aikaciya ta uku yake cikewa, wadda ba a son a biya.

Wannan ƙa'ida ta 2019 ta taɓo wani abu da ya shafe mu kai tsaye, domin ta ce kada a ɗaure yaro wuri ɗaya fiye da awa guda a jere, kuma ta ambaci goyo a baya tare da keken turawa da kujerar cin abinci. Ni ba zan yi faɗa da goyo ba, babu abin da ke kwantar da hankalin jariri kamarsa, kuma yaron da ke baya yana jin duk hirar da ake yi. Abin da ba ya samu shi ne fuskar mai magana da sararin motsa jiki. A wannan fanni gidan ya yi daidai: ana sauke su a kan tabarma, ƙananan a kwantar da su rubda ciki na ɗan lokaci suna farke ana kallonsu, manyan su yi ta rarrafe. Kayan wasan roba masu batir da aka jera a kan kanta kuwa na ado ne, rabinsu sun mutu. Abin da yaran ke rububi a kai shi ne kwandon Inna: ludayi, da murafen kwano, da gwangwanin madara da ta zuba wa tsakuwa ta liƙe bakinsa gam ya zama kacau-kacau, da 'yar tsana ta tsumma. Da farko na ji haushi, na ce kuɗin da muke biya ya fi ƙarfin gwangwani. Daga baya na karanta labarin aikin da Sally Grantham-McGregor ta jagoranta a Jamaika daga 1986, inda aka bi yara 129 'yan wata 9 zuwa 24 da rashin abinci ya tsumburar da su. Wasu daga cikinsu ma'aikatan lafiya na unguwa sun riƙa ziyartar gidajensu sau ɗaya a mako har shekara biyu, suna koya wa iyaye mata wasa da hira da yaro da kayan wasan da aka haɗa daga tarkacen gida. Bayan shekara 20 aka tarar waɗannan yara suna samun kuɗin shiga da ya ɗara na takwarorinsu da ba a yi musu ziyarar ba da kusan kashi 25 cikin 100. Tun daga nan na daina raina gwangwanin, sai dai nakan duba liƙin bakinsa, domin tsakuwa a maƙogwaron yaro ba wasa ba ce.

Alheri mafi girma da aka yi mini a gidan nan ya zo ne a cikin hunturu, yana da wata 11, bayan wata mura da ta daɗe ba ta sake shi ba. Na zo ɗaukarsa, Inna ta biyo ni har bakin ƙofa ta ce, “Malama, yaron ga bai jin kira ta kunnen hagu. Na kira shi ta nan bai waiwaya ba, na koma ta nan ya waiwaya. Ki tai da shi asibiti a duba mai.” Ta ƙara da cewa gwarancinsa ya ragu kwana biyu. Ni da nake kwana da shi ban lura ba. Likita ya duba ya ce ciwon kunne ne da ya biyo bayan mura, ruwa ya taru a bayan dodon kunnen, aka ba da magani, aka sa mu koma bayan makonni, kuma alhamdu lillahi ya washe. Shi ne ya yi mini bayanin cewa duk yaron da magana ta yi masa jinkiri, kunne ake fara dubawa, musamman a yankinmu da sanƙarau da ƙyanda ba baƙi ba ne, kuma su biyun suna iya taɓa ji, haka ma ciwon shawara mai tsanani a kwanakin farko na haihuwa. Ya ce yawancin yara suna fara gwaranci tsakanin wata 6 zuwa 9, kalmar farko ta zo wajen cikar shekara, su haɗa kalma biyu wajen shekara 2. Yaron da ya shekara ba ya gwaranci ba ya nuni da yatsa, ko ya kai shekara ɗaya da rabi babu kalma ko ɗaya, ko ya daina faɗin abin da ya riga ya iya, a kai shi a duba, kada a tsaya ga “namiji ne, kawunsa ma sai da ya girma ya buɗe baki.” Gidan ba shi da wani tsari na bibiyar waɗannan matakai, babu littafin da ake rubuta abin da yaro ya fara yi. Idon tsohuwa ɗaya ne ya cece mu, kuma ranar da ba ta nan babu mai gani.

Ta fuskar tsabta da lafiya ba ni da ta cewa sosai. Sun nemi katin rigakafi kafin su karɓe shi, kuma su suka tuna mini allurar ƙyanda ta biyu da ya cika wata 15. Akwai firiji da nake ajiye nonon da na tatsa, kowane yaro da kofinsa da cokalinsa, ana wanke musu hannu kafin abinci. Abinci daga gida ake kawowa, ni nakan sa masa kunun gyaɗa ko faten wake da zogale da ƙwai. Damuwata ɗaya ita ce biskit da lemon kwali da wasu iyaye ke cika jaka da su, a ƙarshe a raba wa kowa, yaro ya dawo gida ya ƙi tuwo.

Babban saɓanina da gidan ya taso ne da ya cika shekara ɗaya da rabi aka ɗaga shi zuwa ajin masu tafiya. A can babu Inna, sai 'yan mata biyu da ake kira Anti, kuma dokar Turanci zalla tana aiki sosai. Matsalar ita ce su kansu Antin ba su saki jiki da Turancin ba, saboda haka abin da ke fita daga bakinsu bai wuce umarni ba: zauna, taho, yi shiru, tafa hannu, sai haddar haruffa da ƙirga da ake rerawa a tare. Babu tambaya, babu tsokana, babu labari, domin mutum ba ya iya wasa da harshen da yake tsoron yin kuskure a cikinsa. Da sun juya suna hira a tsakaninsu kuwa, Hausa ce mai daɗi take zuba, yaran suna gefe ba a sa su ciki. Cikin wata guda yaron da ya fara cewa “ba ni” da “ga shi” da “tahi” ya koma nuni da hannu da ƙananan koke-koke idan ya dawo. Ba Turancin nake ƙi ba, ni ma da shi nake koyarwa, kuma ban yarda da masu cewa harshe biyu yana rikita yaro ba. A garin nan yara nawa ne suka tashi da Hausa a waje da Fulatanci ko Zabarmanci a ɗaki, suka ɗora Larabci a makarantar allo? Nana Asma'u da harsuna uku ta yi rubutu, Larabci da Fulatanci da Hausa. Abin da yaro ke buƙata shi ne harshe mai ƙiba daga bakin wanda ya mallake shi, ba ƙashin harshe ba. Tun a manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 an rubuta cewa a yi amfani da harshen uwa ko na al'ummar da yaro yake ciki a matakin da ke gabanin firamare. Laifin ma ba na Hajiya kaɗai ba ne. Ta faɗa mini gaskiya cewa idan uba ya zo ya ji ana yi wa ɗansa Hausa, zango mai zuwa ba za ta sake ganinsa ba, kuma na tuna ni ma da wannan alkawarin aka saye ni.

Akwai kuma yawan sauya ma'aikata. A cikin wata 19 na ƙirga Anti huɗu da suka zo suka tafi, kowacce da ta sami abin da ya fi sai ta kama gabanta, kuma ban ga laifinsu ba. Amma ƙaramin yaro da mutum yake sabawa ba da gini ba, duk tafiyar ɗaya sai mun yi mako guda ana kuka a bakin ƙofa. Kuɗin zango yana cin kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da nake samu a wannan lokaci, an kuma ƙara shi sau biyu, sai dai ban ga alamar ƙarin ya isa hannun masu ɗaukar yaran ba.

Duk da haka na biya na zango mai zuwa, bayan mun zauna da Hajiya mu iyaye mata biyar. Ta amince a bar Inna ta riƙa shiga ajin masu tafiya bayan azahar ta yi musu tatsuniya da waƙa a maimakon katun, ta kuma amince Antin su riƙa yin Hausa a lokacin abinci da wasa, Turanci ya tsaya a waƙoƙin safe da littattafan hoto. Talabijin yana nan a ɗakin jarirai, wannan yaƙin ban ci shi ba tukuna. Wadda take neman inda za ta kai ɗanta, gidan nan ya fi da yawa tsabta da aminci, kuma mai shi tana sauraron magana, amma kada ta je dubawa da ƙarfe tara na safe lokacin da aka shirya wa baƙi. Ta je da ƙarfe biyu ba tare da sanarwa ba, ta ƙirga manya ta ƙirga yara, ta tsaya ta ji ko akwai wanda ke amsa wa jariri idan ya yi sauti, sannan ta tambayi shekara nawa mafi daɗewar ma'aikaciya ta yi a gidan.

Yanzu yana da shekara 2 da wata 2, yana haɗa kalma biyu zuwa uku, yana ƙirga har biyar da Turanci ko da yake yakan tsallake huɗu. Ranar Juma'ar da ta wuce wata abokiyar aikina ta kawo mana ziyara da jaririnta ɗan wata 4, ta shimfiɗe shi a kan tabarma muna gaisawa. Jaririn ya yi ɗan ƙara, sai na ga nawa ya ajiye ludayin da ke hannunsa, ya durƙusa ya kai fuskarsa dab da ta jaririn, ya zaro ido ya ce, “Alhaji, mi kac ce?” Sannan ya yi shiru yana jira.